Kilo Goma Sha Huɗu da Gwiwar Kipserem

Barnaba Kipserem ya shiga gudun fanfalaki sau goma sha tara a ƙasashe bakwai, bai taɓa ƙarasa ko ɗaya ba. Ba kasawa ya yi ba, aikinsa ke nan. Mai jan gaba ne. Ana ɗauko shi daga garin Iten na ƙasar Kenya a sa shi gaban manyan 'yan gudu, ya tsaga musu iska, ya riƙe musu minti uku a kowace kilomita, ba daɗi ba ragi. In an kai kilomita talatin sai ya raɓe gefen hanya ya dafa gwiwoyi yana haki, su kuma su wuce su cinye sauran goma sha biyun. Nauyinsa a lokacin kilo hamsin da shida.

Yana da shekara talatin da uku ya rataye takalmi, ya kafa injin niƙa a bayan kasuwa. Gudun ya daina, cin bai daina ba, don cikin da ya saba da mai gudun kilomita ɗari da tamanin a mako bai samu labarin an ajiye aiki ba. Shayi mai madara kofi biyar a rana, kowane kofi sukari cokali uku. Capati, gurasar fulawa da ake toyawa a kasko, huɗu da hantsi. Da yamma ugali, wato tuwon masara, mulmule biyu, a kora da mursik, nonon gorar da matarsa Jebiwot ta fi kowa iyawa a unguwar. Cikin shekara goma sha biyu ya tara kilo ashirin da bakwai, mutane suna cewa injin ya karɓe shi. Gwiwar dama ce kawai ba ta taya shi murna ba. Matakalar cocinsu hawa goma sha takwas ce, ya kai ga sai ya huta a na tara.

Wata Kirsimeti 'yarsa Jerop ta dawo hutu daga jami'a, ta tono wani tsohon tsere a wayarta, suka haɗa kai suna kallo. Ga shi nan a gaba, siriri kamar kara. Can sai ya fice daga hoton.

"Baba, wai me mutum yake ji in ya taka layin ƙarshe?" ta tambaye shi.

Kafin a shiga sabuwar shekara ya yanke shawara: akwai tsere a birnin Eldoret cikin Nuwamba, zai shiga, zai ƙarasa, ko da masu share hanya ne za su raka shi.

Ya tafi wurin Naliaka, mai gyaran jikin 'yan gudu, wadda ta san ƙafafunsa tun suna ƙafafu. Ta lanƙwasa gwiwar, ta miƙe ta, ta ji tana ƙara kamar ana taka tsakuwa.

"Ina sauran mutanen?" in ji ta.

"Waɗanne mutane?"

"Waɗanda ka haɗiye. Ai wannan ba mutum ɗaya ba ne."

"Haba Sista, ki dai gaya mini gaskiya. In na rage, za ta daina? Zan koma hanya?"

"Ciwon zai ragu, wannan na tabbata. Kowane kilo ɗaya da ka zubar, kamar ka sauke wa gwiwa wajen kilo huɗu ne a kowane taku. Komawa hanya kuma sai ka ba ni abu uku." Ta ƙirga da yatsu. Ya rage a hankali. Ya gina cinya da tashi-zauna a kan kujera, sau goma sha biyar, zagaye uku, kullum. In ciwon ya lafa, mako goma sha biyu na gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. "Kai kaɗai. Na san ku. Kada in ji an gan ka cikin ayari."

Abu na farko ya kama shi da hannu biyu. Shayi ya koma kofi biyu, sukari cokali ɗaya. Capati sai Lahadi. Ugali dunƙule ɗaya daidai tafin hannu, ganye ya cika sauran kwanon. Kowace Litinin kafin ya tada inji sai ya hau sikelin da yake auna masara, matan da suka kawo niƙa suna tsaye a layi.

"Baban Jerop, nawa buhun yau?"

"Tamanin da ɗaya!"

"Da saura. A bar shi ya ƙara bushewa."

Jebiwot ba ta ga abin dariya ba. "A coci an fara tambayata ko lafiya kake," in ji ta. "Wasu na cewa injin ne ya karye, wasu na cewa tukunyata ce. Ka sha mursik ɗin nan ko rabin kofi ne, kada gorata ta yi fushi."

"Maman Jerop, bari in kai kilo saba'in, sai mu shirya da gorar."

Wata biyar, kilo goma sha huɗu. Sittin da tara cif. Ya buga lissafin Naliaka da alli a bangon injin: goma sha huɗu sau huɗu, hamsin da shida. Wato a kowane taku ya sauke wa gwiwarsa cikakken Kipserem na da. Kuma gaskiya ta faɗa. Matakalar coci ya hau ta a numfashi ɗaya. Ya durƙusa ya gyara bel ɗin inji ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Ciwon da ya yi shekara uku yana kwana da shi ya tafi ba sallama.

Abu na biyu kuwa sau huɗu ya yi ya watsar. A Iten ya girma, inda kowa ya san ɗan gudu da gudu yake gina ƙafa. Ya tsaya gaban kujera yana tashi yana zama kamar tsohuwa mai neman allura? Da Naliaka ta tambaya sai ya ce yana yi.

Abu na uku ya yi masa mako uku. Da sassafe yake bin wata siririyar hanya ta bayan gonaki, inda ba mai ganinsa sai shanu, yana duban agogo: minti ɗaya, minti biyu, minti ɗaya, minti biyu. Ba ciwo ko ɗis.

Alhamis ɗin mako na huɗu wani mai masara ya tsare shi a inji har ƙarfe tara ta kusa, ya fita a makare, ya yanke ta mahaɗar jar hanya. Ya manta wace rana ce. Mutum wajen ɗari biyu ne a wurin suna miƙa ƙafa, don Alhamis ranar gudun ayari ce: minti biyu da ƙarfi, minti ɗaya a sassauta, har sau ashirin. Ba a tambayar kowa sunansa, ba a korar kowa. Mai takalmi ya shiga kawai.

"Bakule!"

Kimaru ne a kan babur da usur a wuya. Tare aka yi musu kaciya, shi ya sa suke kiran juna da wannan sunan, tare kuma suka yi gudu shekara goma. Yanzu shi ke riƙe wa ayarin agogo.

"Bakule, kai ne ko ƙanenka? Ina ka kai teɓar?"

"Na sayar wa mai faci."

Kimaru ya miƙe a kan babur ya ɗaga murya. "Ku yara, kun san wannan? Iyayen gidanku da kuke maƙala hotunansu a ɗaki, bayansa suka bi har suka yi suna. In yana gaba ba a duba agogo!"

Kipserem ya ce a ransa, minti biyar kawai, can baya tare da masu jan ƙafa, ya ji ƙarar takalma ya koma gonakinsa. Ya nufi bayan. Amma wa zai bar dattijo irin wannan a bayansa?

"Baba, bismilla, wuce."

"A'a, nan ma ya yi."

"Haba Baba, ka wuce mana. Ku ba shi hanya!"

Layi ya dare masa gida biyu. Wannan ya ja da baya, wancan ya kauce, kafin ya ankara ba kowa a gabansa sai jar hanya. Usur ya tashi.

Yaran sun so su girmama shi ne, suka riƙe ƙafa a bayansa. Shi kuwa jikinsa abu ɗaya ya koya a duniya: in ka ji numfashi a kafaɗarka, gudunka ya yi kaɗan, ƙara. Ya ƙara. Suka matso, ya sake ƙarawa. Zagaye na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Ƙirjinsa na wuta, amma takalma ɗari huɗu suna faɗuwa daidai da nasa, Kimaru na gefe yana ihu, "Shi ne! Na rantse shi ne!" A zagaye na huɗu hanya ta gangara. Usur na daf da tashi ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar, ƙafar ta ƙi karɓarsa. Ayarin ya rabu ya kewaye shi ya wuce. Agogon hannunsa ya ce minti goma sha ɗaya.

Hoton da aka ɗauka a wani asibiti a Eldoret ya nuna guringuntsin ya tsage, ga shi dama ya riga ya cinye. Aka yi aiki. Mako shida a kan sanduna. Da ya koma wurin Naliaka ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi. Igiyar awo ta ɗauko ta zagaya cinyarsa.

"Kujera?" ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Kitse ka zubar, ka haɗa da nama. Ramar ta yi aikinta, ta ɗauke maka ciwo. Amma ba ta ba ka sabuwar gwiwa ba, kai kuma ka ɗauka ta ba ka. Tafiya za ka yi, keke ma za ka hau. Kilomita arba'in da biyu kuwa, Barnaba, ka cire ta daga ranka."

"Ko shekara mai zuwa?"

"Ko ta bayanta."

Har yau yana riƙe da sittin da tara ɗinsa. Duk mai ƙiba da ya kawo niƙa yana ɗingishi, Kipserem sai ya tsare shi da lissafi: ka rage, ciwo zai ragu, ni shaida ne. In aka tambaye shi gudu fa, sai ya tada inji.

Ranar tseren Nuwamba bai je ba. Da yamma Kimaru ya zo gida, ya ƙi zama, yana ta juya makullin babur a yatsa.

"Bakina ne ya ja maka, Bakule."

"Bakinka ne ya yi gudun? Zauna. Maman Jerop, kawo masa shayi." Sannan ya ce, "Na ƙarshe fa? Wa ya rufe?"

"Wani malamin makaranta. Ƙato ne, ya fi ka a da. Rabin hanya tafiya ya yi. Ana kwashe kujeru ya iso, amma an rataya masa lambar yabonsa, matarsa na ta guɗa."

"Awa nawa?"

"Biyar da minti hamsin da biyu."

Leɓɓan Kipserem suka motsa. Bai taɓa buƙatar takarda ba a irin wannan.

"Minti takwas da daƙiƙa ashirin a kilomita," ya ce a hankali. "Takwas da ashirin, Bakule. Gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, da ɗan ƙari kaɗan, ai da na riga shi." Ya shafa gwiwar. "Mako tara fa suka rage mini."

Shayin ya zo, ya huce a gabansu.