Ɗalhatu Ƙafar Dama

A bakin kakata Sabuwa na fara jin sunansa. Duk ran da ta gan ni ina ƙoƙarin sa takalmi a karkace, sai ta ce, "Jinin Ɗalhatu Ƙafar Dama!" Wanta ne, ciki ɗaya. Ban san asalin laƙabin ba sai da na zo Dubai aikin shago, na sauka a gidan ɗansa Rilwanu a unguwar Al Khabaisi, inda tsohon yake zaune tun da ya ajiye koyarwa.

Shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Ɗalhatu yana aji uku a kwalejin horon malamai. Aka tara ɗalibai arba'in aka ce su ne rundunar tsaron gari. Kafinta ya sassaƙa musu bindigogin katako, aka kawo wani tsohon saje yana koya musu fareti. Aikinsu gadin tankin ruwa da zagaya kasuwa ran Juma'a, mata na guɗa.

Cikin arba'in ɗin akwai wanda bai kamata a gan shi ba. Nduka sunansa, Ibo ne haifaffen garin, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Yana kwance da zazzaɓi lokacin da danginsa suka gudu kudu, jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi. Ɗalhatu ne ya ce babu maɓoyar da ta fi tsakiyar sahu, domin ba mai tsayar da masu fareti ya tambayi asalinsu. Suka sa masa kaki, suka raɗa masa Zainul Abideen.

Sai dai Nduka bai iya fareti ba. Saje ya ce hagu, shi ya jefa dama. Kullum! Har saje ya fara tsayawa gabansa yana ƙare masa kallo. "Kai ɗan gidan wa ne?"

Washegari da aka ce hagu, ƙafa arba'in ta dama ta tashi gaba ɗaya. Ɗalhatu ne ya bi su ɗaki ɗaki ya shirya haka. Mako guda suna tsallen kwaɗo a rana, ba wanda ya sauya. Saje ya jefar da sandarsa ya ce, "Ku tafi da ƙafar da uwarku ta ba ku." Bayan wata biyar suka cusa Nduka cikin motar gyaɗa mai zuwa kudu. Daga nan shiru. Ko ya isa, ko an sauke shi a hanya, Ɗalhatu bai sani ba, shekara hamsin da ɗoriya.

A Dubai ya ƙi zaman gida. Kowace safiya sai ya bi Yacouba, wani mutumin Maraɗi mai sayar da kayan mota a unguwar Ras Al Khor, ya zauna ƙofar sito da butar shayinsa. Duk Ibon da ya zo sayen kaya sai ya tare shi: "Ka san wani Nduka?"

"Baba, Nduka sun fi dubu," in ji Yacouba. "Khalas, ya isa haka mana, kana kore mini masu ciniki."

"Ai ɗaya nake nema."

Wata rana da hantsi ana loda kwantena a siton maƙwabta. Mutum shida sun ɗauko injin mota a kan sanda, mai kayan, wani ƙato mai furfura a gemu, yana ba su taki. Da Turanci yake ta magana tun safe, amma takin da Hausa ya bayar: "Dama, hagu! Dama, hagu!"

Ɗalhatu ya miƙe, shayi ya zube a rigarsa. Ya je ya kama hannun mutumin. "Wa ya koya maka da dama ake farawa?"

Yacouba ya fassara. Mutumin ya yi dariya, ya ce babansa ne, kuma iyakar Hausarsa ke nan. Baban nasa yana garin Aba, ya sha musu da sojoji na gaske a kan cewa da dama ake farawa.

Nan take aka kira uban ta bidiyo. Wani tsoho mai sanƙo ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗalhatu? Har yanzu kunnuwan nan ba su kwanta ba?"

"Zainul Abideen, ɗan banza! Ko wasiƙa?"

"Na rubuta uku! Kai ne ba ka iya karatu ba, malamin ƙarya."

Yacouba ya rantse har 'yan Pakistan masu dako sun share hawaye, alhali ba su ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan wata biyu ɗan ya yi wa ubansa biza. Ni na dafa tuwon ran da ya zo. Tsofaffin nan biyu suka saɓa sandar share ƙasa a kafaɗa, suka yi fareti daga falo zuwa kicin, Rilwanu na roƙonsu su tausaya wa maƙwabtan da ke ƙasan bene.

Da baƙi suka tafi, Ɗalhatu ya ga littafin rubuce-rubucena a hannuna. Ya ce, "Amaryata Mahfuza, in za ki rubuta, ki sa sunayen arba'in ɗin duka, zan faɗa miki. Kuma in wani mai ilimi ya ce da hagu ake farawa, kada ki bari ya gyara mana."