Awannin da Kawu Ba-Zama Ya Ƙi Rubutawa

Akwai wata kujerar roba a gaban teburina, duk ma'aikacin da ya shigo ofis a kanta yake zubewa. Shekarata huɗu a wurin nan, ban taɓa ganin Kawu a kanta ba. Shi ya sa ake ce masa Ba-Zama. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake amsa waya, yana yi maka magana hannunsa yana kan mariƙin ƙofa yana gwada ko ya yi sako-sako. Ba kawuna ba ne na jini, kowa haka yake kiransa, har manaja.

Kamfaninmu na gyaran famfo ne. Gidajen bene goma sha ɗaya muke kula da su, tun daga tankin sama har bututun da ke cikin bango. Masu gyara huɗu ne: Kawu, da Dogo, da Sarkin Gardama, da Ango, wanda ya shekara shida da aure amma sunan ya ƙi sakinsa. Ni kuwa ban taɓa riƙe sufana ba, aikina takardar awanni.

Takarda dai muke ce mata, amma yanzu manhaja ce a waya. Kowane aiki yana da lamba da sunan wanda aka ba. In mutum ya gama sai ya rubuta awa nawa aikin ya ci masa, ƙarshen mako ya danna aikawa, ta faɗo min a kwamfuta. Maɓalli biyu ne a gabana: kore na amincewa, ja na mayar wa mutum ya gyara. Ba ni da ikon taɓa ko lamba ɗaya a takardar wani. Juma'ar ƙarshen wata da ƙarfe sha biyu na rana manhajar take kulle watan, daga nan ko manaja ba ya iya buɗewa.

Kawu ya shekara talatin da ɗaya yana wannan aikin. Mutum ne siriri, gashinsa ya yi fari, gwiwar wandonsa kullum a jiƙe. Sai ya kara kunne a bango, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ce, "Nan ne," a fasa a tarar nan ɗin ne. Matarsa, da muke ce wa Inna, ta ba ni labarin ranar auren 'yarsu. An neme shi a ɗauki hoto an rasa, ashe yana bayan ɗakin taron, kwance ƙarƙashin wurin wanke hannu da sababbin kayansa. Ta ce ranar hutu in ya rasa abin yi sai ya kwance famfon kicin mai lafiya ya sake ɗaurawa. "Don Allah, 'yar nan, kar ku taɓa sallamo min shi," in ji ta. "Mutumin nan in ya zauna a gida ciwo zai kama shi." Lokacin dariya na yi.

Wata Alhamis da yamma, ana gobe za a kulle wata, manaja ya kira ni ya juyo min da fuskar kwamfutarsa. Ya ce umarni ya zo daga sama, duk wanda awanninsa ba su kai talatin a mako ba a wannan watan, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Na duba. Sauran ukun duk suna wajen arba'in. Kawu ashirin da biyu.

Na ce, "Yallaɓai, Kawu fa? Mutumin da ko zama ba ya yi?"

Ya ce, "Su na sama ba su san shi ba, lamba kawai suke gani. Kuma ke kika amince da takardun nan, ko ba ke ba?"

Wallahi ni ce. Duk Juma'a ina ganin sunan Kawu nake danna kore ba tare da na duba ba. Wa zai tsaya binciken takardar Kawu? Haushin kaina ya kama ni.

Kuma na san inda awannin suka tafi, kowa ma ya sani. Kawu yana gama nasa aikin kafin rana ta take. Daga nan wayarsa ba ta hutawa. Injin tura ruwa ya gagari Ango, a kira Kawu. Dogo ya fasa bango wuri uku bai ga inda yake yoyo ba, a kira Kawu. Sarkin Gardama ma, da yake cewa babu wanda zai koya masa aiki, yakan kira ya ce, "Kawu, in ka biyo ta nan ka leƙo mu gaisa." Ya bi bene ya sauka, ya tsallaka titi da akwatin kayan aikinsa, ya gyara, ya wuce. Ko minti ɗaya daga ciki bai taɓa rubutawa ba.

Juma'a tun ƙarfe takwas na janye amincewar mako huɗu na danna masa ja. Tun da na fara aikin ban taɓa danna wa kowa ja ba, sai ga shi na fara da Kawu. Na rubuta a ƙasa: "Kawu, ka saka duk inda ka yi aiki."

Tara da 'yan mintuna ya banko ƙofa, waya a hannu, fuska a murtuke.

"'Yar nan, me na yi miki? Ƙarya kika gani a takardata?"

"Ba ƙarya ba ce, Kawu, ragi ne. Zauna in yi maka bayani."

"Faɗi, ina ji."

Na faɗa masa komai yana zagaye ɗakin. Ya je taga, ya dawo, ya gyara kalandar da ta karkace, ya murɗa kan famfon randar ruwan sanyi. Na ce ya buɗe lambobin ayyukan da ya taya su ya saka awanninsa a kai, shi ke nan an gama.

Ya tsaya cak. "Wato in hau kan aikin Dogo in rubuta sunana, na sama su karanta su ce Dogo bai iya aiki ba? Mutumin da aka yi wa haihuwa watan jiya? Ni in tona masa asiri da hannuna?"

"Kawu, aikinka ne fa zai tafi!"

"To ya tafi. Wanda ya kira ka ka taimaka masa bai kira ka don ka kai shi ƙara ba."

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ambaci Inna. Da ya ji sunan Inna ya kau da kai, ya ce tankin gida na bakwai yana ambaliya, ya fice. Na bi ƙeyarsa da kallo kamar in fashe da kuka. Kai, taurin kan tsoho!

Na kasa zama ni ma. In buɗe manhajar, in rufe, in tashi in sha ruwa, in dawo in kalli agogo. Wajen ƙarfe goma, ina ta jan shafin aikin Ango sama da ƙasa don rashin abin yi, idona ya faɗa kan wani ɗan gurbi can ƙasa: wanda ya taimaka. Sai na tuna an nuna mana shi ranar da aka kawo manhajar, ranar da kowa hankalinsa yana kan abincin da aka raba. Mai aiki shi ne zai saka sunan wanda ya taya shi da awannin, su koma takardar wancan, in ya yarda ya karɓa. Shekara uku babu wanda ya taɓa cike gurbin nan.

Ban tsaya shawara da kowa ba. Na danna wa su ukun ja, mako huɗu-huɗu, na jawo waya.

Sarkin Gardama ne ya riga ni kira. "Anti, lafiya? Ni za a mayar wa takarda? Ni?" Na bar shi ya zazzage, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, sannan na ce masa ranar Litinin Kawu ba ya nan. Can ya ce shi ai ba taimako ake masa ba, shawara suke yi. Na ce to ya rubuta awannin shawarar. Ya ce ta ina zai tuna abin da ya wuce mako huɗu? Na ce ya buɗe jerin kiran da ke wayarsa, duk inda ya ga ya kira Kawu da rana tsaka, ba gaisuwa ba ce. Ya yi tsaki ya kashe.

Ango bai ja magana ba. Yana cikin ɗakin injin wani gida, sabis yana ɗaukewa, ya ce zai hau rufin bene ya aiko. Dogo kuwa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To," ya ajiye.

Sha ɗaya da kwata takardar Ango ta shigo. Sha ɗaya da rabi ta Sarkin Gardama, har da ƙarin bayani cewa shi ma da kansa ya kusa ganowa. Na haɗa, Kawu ya kai ashirin da takwas. Saura biyu a kowane mako, kuma babu inda za su fito sai wajen Dogo, don shi ya fi kowa kira. Na kira bai ɗauka ba. Na sake kira. Ina tsaye a taga ina kallon titi. A na huɗu ya ɗauka, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Anti, na duba wayar. Sau goma sha huɗu ne. In na rubuta wannan ai cewa za a yi ban san komai ba."

Na so in ce masa babu abin da zai faru, amma ban san hakan ba. Na ce, "Dogo, ban yi maka alkawarin ba za a faɗa ba. Amma ka gaya min, bangon da za ka fasa ranar Litinin, wa za ka kira?"

Sai ya kashe wayar. Sha biyu saura kwata takardarsa ta faɗo. Duk sha huɗun ya saka, bai rage ko ɗaya ba. Awannin Kawu suka haura arba'in.

Saura shi ya karɓa ya aiko. Na kira shi na ce in bai zo yanzu ba Inna zan kira. Saura minti tara ya shigo yana haki, hannun rigarsa yana ɗiga. Na juya masa kwamfutar.

Ya sunkuyo yana karantawa, leɓensa yana motsi. "Wa ya sa su?"

"Ni na mayar musu. Su suka rubuta."

Ya kai kan ta Dogo. A gurbin bayani, ƙarƙashin kowane aiki, Dogo ya rubuta abin da ya faru ba kwana-kwana. "Ban gano inda yake yoyo ba, Kawu ya gano." "Na ɗaura a juye, Kawu ya kwance ya nuna min." A na ƙarshe ya saka, "Wannan ni na yi da kaina, Kawu tsayawa kawai ya yi yana kallo don in ya ɓaci."

Kawu ya miƙa hannu baya yana lalube, ya jawo kujerar robar nan ya zauna. Ni dai na saki baki. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya goge ido da bayan hannu, ya ce wai ƙurar tanki ce. Tausayinsa ya kama ni, amma agogo ba ya jira.

"Kawu, saura minti biyar. Karɓi ka aiko, don girman Allah."

Ya zaro wayarsa, ya nisanta ta da ido, ya fara bi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Sai ya tsaya.

"Wannan Talatar ta Ango ba awa uku ba ce. Biyu da rabi ce."

"Kawu!"

"Rabin awar shayi muka sha. Ba zan karɓi abin da ban yi ba."

Haka na tsaya a kansa ina cizon yatsa har ya rage rabin awar nan, sannan ya danna aikawa. Na faɗa kan kwamfuta na bi takardun su huɗun da kore, ban ɗago ba sai da na gama. Sha biyu saura minti ɗaya.

Kawu yana nan zaune, hannuwansa a kan gwiwa kamar bai san inda zai ajiye su ba. Sai wayarsa ta yi ƙara, sunan Dogo ya fito. Ya bar ta ta yi ƙara sau uku kafin ya ɗauka. Ya saurara, ya ce, "Kar ka fasa komai, ga ni nan." Ya miƙe, ya ɗauki akwatinsa, har ya kai ƙofa wayar tana kunnensa.

"Dogo," ya ce, "ƙarfe sha biyu da minti biyu na taso. Ka rubuta."