Labaran da Ƙurar Takalminsa

Kafin Labaran ya zo Dubai ɗaure kaya a wani sito na Jebel Ali, shekara ashirin ya yi yana haƙar rijiya a ƙauyukan Sakkwato. Sana'ar ta bar masa hali guda: ba ya yarda da dutse sai ya ɗanɗana. In ya tsinci tsakuwa, sai ya goge ta a riga, ya kai harshe, ya gyaɗa kai kamar mai duba gishirin miya. Mu da muke gida ɗaya da shi a Abu Hail tuni muka daina kawar da kai.

'Yarsa Khairunnisa ta gado shi, sai dai ita a jami'a take karatun duwatsu. Ba ta son turare, ba ta son atamfa. Duk inda ubanta ya taka, tsarabarta ɓallin dutse ce, kuma bai taɓa saɓawa ba. Shi ya sa ranar da maƙwabcinmu Ɗalhatu ya kwashe mu a motarsa zuwa wani wurin shaƙatawa mai kogo a jikin tsauni wajen Al Ain, Labaran ya sako 'yar guduma a aljihu.

Wata baiwar Allah ce ke zagayawa da baƙi, Ɗalhatu na yi mana tafinta. Ta ce dutsen nan da can ƙasan teku ne, ɓawon ƙananan halittun ruwa ne ya taru ya daskare. Ruwan sama mai ɗan tsami ya yi ta tsiyaya yana cin sa har ya rarake kogo. Labaran ya ce ba da shi ba, teku a kan tsauni? Sai ta haska masa wani ɓawo manne a bango. Ya matsa kusa ya duba. Ashe ya sha tono irinsa a rijiya wajen Kalambaina, yana cewa kuɗin aljanu ne.

Can ciki duwatsu na reto daga rufi, masu tsini kamar rogo, ruwa na ɗiga a bakinsu. Labaran ya zaɓi wani mai tsawon tafin hannu, ya soma laluben aljihu. Daidai nan matar ta ce kowane ɗigo yakan bar ɗan burbushi, kuma tsawon gaɓar yatsa ɗaya kan ci shekara ɗari ko fiye. Ya auna nasa da yatsa, ya sake aunawa.

"Ɗalhatu, wannan ya girmi kakan kakana," in ji shi. Gudumar ba ta fito ba.

Haka muka dawo babu ɓallin dutse a hannunsa, ga shi ya riga ya yi wa yarinya alkawari a waya. A ƙofar gida ya ƙi shiga. Ya zauna kan matakala, ya shimfiɗa jarida, ya dinga kakkaɓe takalmansa a kai har farar ƙura ta taru kamar cokali guda. Ya matsa lemun tsami kan kaɗan, yadda Khairunnisa ta koya masa, ta kuwa yi kumfa, alamar ƙurar dutsen kogon ce. Ya ƙulle sauran, ya kira ta, ya ba ta labarin duka, har da na gudumar.

Muna jin dariyarta. "Baba, ka dai ɗanɗana ko?"

"Na ɗanɗana, 'yar Baba. Babu gishiri. Tekun nan ya daɗe da tashi."