Gaisuwar Suruki a Reshen Tsamiya

Ni na ɗinka wa jarumin riga, ni kuma na riƙe igiyar da ya tashi sama da ita, don haka babu mai ba ni labari.

Jihar Jigawa tana sabuwa a lokacin. 'Yan wasan kwaikwayon unguwarmu a Birnin Kudu suka ɗauko hayar kyamara daga Kano, wai za su yi fim ɗin wani gwarzo mai tashi sama yana ceton mutane. Ƙanena aka zaɓa, ba don iyawa ba, don ya fi kowa rashin nauyi. Na ɗinka masa jar riga da mayafin yadin labule. Darakta ya so wando ya ɗame jiki, na ce ba dai da keken ɗinkina ba.

Fargabar ƙanena ɗaya ce, surukinsa. Dattijo ne manomi daga Dingaya, tun ranar biki bai taɓa sakar masa fuska ba, gani yake ya ba shashasha 'yarsa. Shi ya sa muka fita can bayan gari da hantsi, inda ba zai gan mu ba.

Muka rina igiyar guga da shuni don ta saje da sama, muka rataya a reshen tsamiya, mu huɗu muna ja. Ƙanena ya miƙe hannu, mayafi yana kaɗawa, darakta yana ta murna. Sai ga dattijon a kan keke, ya taho ganin 'yarsa.

Na ƙara damƙe igiyar. Ƙanena kuwa, yana lilo a sama, ya tuɓe takalmansa suka faɗo ƙasa, ya naɗe ƙafafu ya tsuguna a kan iska, kansa a sunkuye.

"Baba, barka da hantsi. An zo lafiya?"

Dattijo ya sauka daga keke, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya amsa gaisuwar har ƙarshe, gida, gona, ruwan bana. Mai kyamara ya manta bai kashe ba, kuma wurin nan aka fi so a fim ɗin.

Da zai wuce sai ya dube ni.

"Kai ne wansa? To, riƙe da kyau, Malam. Ɗana ne a sama."

Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Igiyar ta saɓule mini fatar hannu ranar, amma ban sassauta ba.