Ranar da aka ce in ɓoye goro

Da na ajiye aikin gadi a Madina, dattawan Hausawan unguwar Ƙurban suka ɗora mini ɗaurin aure, don na ɗan taɓa karatu. Na riƙe aikin hannu bibbiyu.

Wata Juma'a wani ɗan kasuwa, haifaffen Kano, ya kira ni zuwa unguwar Sih in ɗaura auren 'yarsa. Na sa babbar rigata, na ɗauki ƙullin goron da na samu da ƙyar wurin alhazai. Ina isa ya tare ni a bakin ƙofa.

"Baba, dangin ango Larabawa ne. Don Allah ka ɓoye goron nan, kada kuma ka yi Hausa a majalisi. Ga tob irin ta Larabawa, ka canja."

Wai ni zai miƙa wa riga! Mutumin da na tarba a tasha da jakar leda, bai iya ko tambayar ruwa da Larabci ba, yau shi ke jin kunyar harshen da ya sha a nono. Raina ya ɓaci.

Na shiga da rigata, na dire goron a tsakiyar darduma. Na yi huɗuba da Larabci, aka bayar, aka karɓa. Sannan na ɗaga murya na yi addu'a da Hausa tsantsa.

Amin ɗin da ta fi ƙarfi daga bayan labule ta fito. Mahaifiyar ɗan kasuwan ce.