Dokin da Baba Ya Daina Gaisarwa

A shekarar da na shiga jami'a, Baba yana aiki a wata gonar dawaki a garin McLeansville, can ƙasar waje inda muke zaune. Mai gonar tana sayo dawaki daga Turai, irin waɗanda ake koya wa taku har su riƙa tafiya kamar masu rawa, mahayi na zaune shiru kamar bai umarce su da komai ba. Takan horar da su, sannan ta nema wa kowanne mahayin da jininsu zai haɗu. Baba ya tashi cikin dawaki a ƙauyensu kusa da Maraɗi, amma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Shi ya sa duk Asabar nake bin sa, ni ce bakinsa.

Ganye ya fara ja, sanyi na tafe, aka kawo wani baƙin doki daga Jamus. Ya sha jirgi, ya sha killacewar likitoci, ya iso a rame, ya ƙi taɓa abinci. Baba ya yi masa yadda ake yi a gida. Ya jiƙa dusa da ruwan ɗumi, ya barbaɗa 'yar kanwa, ya miƙa masa a tafin hannu, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ina tuna tururin numfashinsu su biyu a sanyin safiya, yana haɗuwa ya zama ɗaya. Cikin 'yan makonni dokin ya murmure.

Wadda aka sayo shi dominta wata dattijuwa ce daga unguwar Irving Park, mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ta iya hawa ƙwarai. Amma duk sanda take kansa a fili, da Baba ya gifta da baro, sai kunnuwan dokin su juya, takunsa ya wargaje, ya nufi shinge. Rannan saura kaɗan ta faɗi. Mai gonar ta ce idan ba su daidaita ba kafin sanyi ya kankama, za a miƙa shi ga dillali a wata jiha, wa ya san hannun da zai faɗa.

A mota, muna komawa gida, Baba ya ce, "Laifina ne, ɗiyata. A wurinmu mai doki ne ke ba doki a hannu. Ni na manta ba nawa ba ne."

"Baba, da ba ka ba shi ba ai da ya mutu."

"To ya rayu. Saura in sake shi."

Asabar ta gaba ya tsaya gaban dattijuwar, ya ce in gaya mata ta riƙa zuwa da sassafe, ta cire safar hannu, ta dama dusar da kanta, ta yi wa dokin magana. Na faɗa mata. Ta yi murmushi ta ba ni amsa.

"Baba, ta ce ita ba ta jin Hausa."

"Shi Bajamushen a wace makaranta ya koya? Ki ce wa madam ta gaya masa abin da ke damunta kawai."

Daga nan Baba ya roƙi mai gonar ta mai da aikinsa barga ta can ƙarshe, wurin tsofaffin goɗiyoyi. Ya koma ajiye mota a bakin hanya, saboda dokin ya san ƙararta. Mukan zagaya ta bayan rumbun ciyawa. Wani lokaci iska ta kai wa dokin ƙamshinsa, sai mu ji haniniya, doguwa, mai kama da tambaya. Baba ba ya waiwayawa, sai dai tafiyarsa ta yi nauyi.

Wata safiya, bishiyoyi sun gama zubar da ganye, dattijuwar tana kan dokin, Baba ya ɗauki baro da gangan ya bi ta gefen shinge. Kunnen dokin ɗaya ya karkata wajensa, ya ɗan tsaya, sannan ya koma baya, wajen matar da ke kansa. Takun bai canza ba. Mai gonar ta dube ni ta gyaɗa kai, na gane dokin ya zauna, ba za a miƙa shi ga dillali ba.

Baba ya wuce da baronsa har ya ɓace bayan rumbu. Can na same shi a tsaye, ba ya yin komai.

"Alhamdulillahi," in ji shi.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙullin kanwar da ya rage.

"Kai wa madam. Ki ce mata kaɗan ake sawa."