Katakon turmi ya hau da mu dutsen Buza

Liman na sallame sallar asuba munka bar Madawa, mu uku cikin tsohuwar motata bashe, mai buɗaɗɗen baya. Ni ke tuƙi, abokin wasana mai garaji na gefe, sai babban ɗana wanda ba ni faɗin sunanshi, sai dai in ce Mushe, wato malam, tunda karantarwa yake yi a lakwal, makarantar boko. Kada ku zaci yawo ya biyo mu. Alƙali ne. Shi da ƙannenshi sun yi taro a kaina, sun yanke cewa in motar nan ta ƙara mutuwa bisa hanya ko sau guda, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka ta. Motar da ta girme shi fa! Cikinta na kai uwarshi likita ranar da za a haife shi. Na ce to, a ba mu tafiya guda, Keita da dawowa, cikin tsakiyar bazara.

Ciwonta guda ne, kuma na san shi kamar ciwon gwiwata. In inji ya yi zafi, sai zafin ya hau karbirato, wato 'yar tukunyar da ke gauraya esansi, man mota, da iska, esansin ya tafasa kamar shayi. Daga nan sai tari, sai tsayuwa. In kuwa ka kashe ta da zafinta, to nemi inuwa, don sai ka yi awa guda kana ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma kamar mai zazzaɓi.

Mai garaji Kirista ne, ya tsufa yana gyaran motocin likitar mishan. Shi ya ce a raba tukunya da murhu. A samo katako mai kaurin yatsa, a huda shi daidai bakin karbirato, a sa shi tsakaninta da inji, a ɗaure da ƙusoshi masu tsawo. Kal suke ce mishi a garaji. Ƙarfe na kai zafi sama, icce ba ya kaiwa. Ni da ajina bai wuce biyu ba, nan take na gane, don na sha riƙe ludayin icce cikin kunu mai zafi. Icce mai tauri yake so, sai na yanko gindin tsohon turmin kiryar uwargida wanda ya tsage. Da ta tambaya na ce gara ce ta ci. Tac ce ba ta taɓa ganin gara mai zarto ba. Mai garaji ya huda katakon ya ɗaura shi kafin ranar tafiya.

Hanya da safe lafiya lau. Fadama cike take da masu cirar albasa, buhuna jibge bakin hanya, manyan kamiyo na jiran lodi, warin albasar har cikin ido. A wani ƙauye munka sayi ƙosai na dala ashirin, guda huɗu tak, kowane kamar ƙwallon goriba. Da can da kuɗin nan har maƙwabci sai ya ƙoshi. Ban kashe mota ba, na miƙa hannu ta taga. Na ga Mushe ya rubuta wani abu cikin ɗan littafinshi.

Da hantsi ya ɗaga munka iso hawan da ke kai mutum bisa dutse kafin Buza. Duwatsu jajaye da baƙaƙe, ba itace sai ƙaya, awaki na leƙen mu daga sama. A tsakiyar hawan nan akwai wata itaciyar bedi da maza ke zama ƙarƙashinta. Shekara da shekaru nan take mace mini, har mutanen sun san ƙararta. Suna jin mu sunka miƙe. Wani na naɗe hannun riga, wani ya ɗauko dutsen da ake tare taya, wani dattijo har ya cire takalmi don turi. Na sauya bitesi, wato giya, na yi bisimilla, na taka. Jama'a, ko atishawa ba ta yi ba! Munka wuce su suna tsaye da dutse a hannu. Na leƙo na ce, «Ku huta, yau ba aiki!» Dattijon ya ɗaga murya ya ce, «To goron namu fa?» Na jefa musu ƙulli guda, don hakkin shekaru.

Ina cikin washe baki munka shiga Buza rana tsaka. Na nufi gangaren da na saba ajiye ta, inda ko ta ƙi tashi sai a sake ta ta gangara. Mushe yac ce, «Baba, ba nan ba. Can fili, kusa da kasuwa. Kuma a kashe ta.»

Yaron nan ya san inda ke mini ciwo. Fili shimfiɗe, ba gangare, ba inuwa, ga mutane. Na kashe. Munka yi azahar, munka sha fura mai sanyi da nonon Fulani, munka ci tsire wanda rabinshi jijiya ce. Ni dai ban ji ɗanɗanon komai ba. Minti ashirin, daidai lokacin da esansi kan tafasa. Na koma na zauna. Mai garaji yac ce, «Tsoho, in ta ƙi, kai za mu sayar a bar motar.»

Na murɗa makulli. Ta yi gurnani, ta yi shiru. Mushe ya buɗe littafi. Na ƙara murɗawa, sai ta ɗauka, ƙara mai daɗi, santala, kamar ba ita ba. Mai garaji ya buɗe gaba, ya kama hannun Mushe ya kai kusa da inji, Mushe ya janye da sauri. Mai garaji ya ɗora shi bisa karbirato, ɗumi kawai. Mushe ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Daga Buza zuwa Keita hanya ta girgiza mu har haƙorina guda da ya rage a sama ya yi motsi. Amma ido ya sha kallo: jerin duwatsun da mutane sunka shimfiɗa da hannu a jikin tuddai don tare ruwa, da itatuwa a wuraren da na sani fako ne ƙwal. A Keita munka sayi cuku wurin wata Buzuwa, munka yi la'asar. Nan mai garaji ya ji wani ɗan shu'u a inji. Katako ya sha zafi ya ɗan lotsa, iska na shiga. Ya ƙara ɗaure ƙusoshi, yac ce haka za a riƙa duba shi lokaci lokaci. Mushe ya tambaya ko wannan mutuwa ce. Na ce ko kai kana gyara ɗamara bayan cin abinci.

Da dawowa, muna gangaro dutsen Buza rana ta yi ja, sai Mushe ya yi gyaran murya.

«Baba, ko ka gaji in karɓe ka?»

Ban gaji ba ko kaɗan. Amma na tsaya, na kashe ta da gangan, na miƙa mishi makulli. Bugu guda ta tashi. Shi ya shigo da mu Madawa ana kiran lisha, yana ta danna oda a ƙofar gida har ƙannenshi sunka fito. Yac ce musu a gaya wa masu ƙarfe su nemi wata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Shekara talatin ina zuba wa motar nan ruwa a ka, ina zaginta, ban taɓa zama na tambayi wanda ya sani me ke damunta ba. Ashe tsufa bai kashe ta ba, zama bisa wuta ne ya ishe ta. Ku masu tsofaffin motoci, kafin ku kira mai yanka, ku kira mai gyara. Tawa dai tana nan ƙofar gida, kuma ranar Juma'a Mushe ya ce zai ara.